HANYAR ANNABI NATAN: KOYA WA ƘANANAN YARA ƘIN CIN ZALI TA WURIN LITTATTAFAN LABARI

Jawabin da aka gabatar wa dattawan ikkilisiya, iyaye da malaman Makarantar Lahadi a kudancin birnin Kaduna.

Wuraren karatu: 2 Sama'ila 12:1-7, Farawa 37, Matiyu 18:1-6.

GABATARWA

 Mun gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, wasu daga Kakuri da Nasarawa, wasu daga Barnawa da Narayi, wasu kuma daga Television, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora. An ba mu aikin yin magana a kan cin zali tsakanin ƙananan yara, da yadda littattafan labari za su taimake mu. Za mu fara da abin da ya faru a gabanmu, domin shi ne ya tilasta mana zama mu yi tunani a kan wannan batu.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata uwa ta tsaya a bakin ƙofar ofis har kowa ya watse. Ta ce, "Baba Fasto, ina da magana." Ɗanta mai shekara 7 ya yi kusan wata 3 yana kukan ciwon ciki kowace safiyar Lahadi. An saya masa maganin tsutsa, an kai shi asibiti, ba a ga komai ba. Ranar Litinin kuwa lafiyarsa ƙalau. Da ta zaunar da shi a hankali sai gaskiya ta fito. Iyalin Hausawa ne masu bi, ba su daɗe da ƙaura daga ƙauyensu zuwa nan ba. Sunan yaron irin na Hausawa ne, Turancinsa bai nuna ba. Yara biyu a ajinsa na Makarantar Lahadi suka laƙaba masa suna "ɗan Boko Haram". In ya zauna a benci sai su matsa, in an raba biskit sai su ƙwace nasa. Ajin ya fi yara 40. Sauran duka sun sani, wasu suna dariya, wasu suna shiru. Malama ba ta sani ba. Mu ma ba mu sani ba.

Maganar da uwar ta rufe da ita har yau tana kunnenmu. Ta ce, "Baba, a can ƙauye ana ce masa arne, muka ce ya yi haƙuri saboda Yesu. To, a nan cikin gidan Ubangiji me zan ce masa?"

MENE NE CIN ZALI?

Ya kamata mu bambanta, domin ba kowace rigimar yara ce cin zali ba. Yara biyu sa'o'in juna su yi kokawa a kan ƙwallo, an jima ka gan su suna shan rake tare, wannan faɗan yara ne. Akwai kuma wasan taubasai da al'adarmu ta sani, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Kanawa da Zage-zagi. A wannan wasa kowa yana da bakin ramawa, dukansu kuma suna dariya.

Cin zali dabam ne. Wani masanin halayyar yara mai suna Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Norway tun shekarun 1970, ya ba da alamomi uku. Na ɗaya, da gangan ake yi don a cutar. Na biyu, ana maimaitawa. Na uku, akwai fin ƙarfi: ɗaya ya fi ɗaya girma, ko yawan abokai, ko wayo, ko gata. Ba duka kaɗai ba ne. Suna na ba'a, wariya a wurin wasa, ƙwace abinci, yaɗa ƙarya, duk suna ciki. A Norway ɗin ma sai da yara maza 3 suka kashe kansu a 1982 kafin gwamnati ta farka ta fara yaƙi da abin a dukan makarantunta a 1983.

Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2019 wanda ya nuna cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya, wato kashi 32 cikin 100, ya sha cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin 100. Dalili na farko da yaran suka ambata shi ne kamannin jiki, na biyu kuma asali ko launin fata. Da yawa cikinmu sun ga bidiyon da ya bazu a wayoyi a Afrilu 2024, inda ɗalibai a wata makarantar kuɗi a Abuja suke marin 'yar'uwarsu, wasu suna tsaye suna kallo, wani kuma yana ɗauka. Wannan hali ba a sakandare yake tsira ba. Ana shuka shi tun yaro yana shekara 4 ko 5, a nan ne kuma ya fi sauƙin tumɓukewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA YA SHAFE MU A WANNAN GEFEN KOGI

Dukanmu mun san tarihin garin nan. Rikicin da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairu 2000, da na Mayu na shekarar, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun sa mutane da yawa sun kwashe kayansu sun haye kogi, wasu zuwa arewa, wasu zuwa kudu. A cikin waɗannan shekaru ne kuma masaƙu suka durƙushe, KTL ta Kakuri ta rufe a 2002, magidanta da yawa suka rasa abin yi. Jariran da aka goya a baya aka gudu da su a wancan lokaci, yau su ne iyaye, wasunsu su ne malaman Makarantar Lahadi. Daga baya kuma ga 'yan'uwa da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Kajuru da Chikun, sun zo sun raɓe a ɗakunan dangi.

Mu mutane ne da suka san ɗacin zama marasa rinjaye. Mun san yadda ake ji in an raina sunanka, ko yarenka, ko bangaskiyarka. Amma, iyayenmu dattawa, ku yi mana haƙuri mu faɗi gaskiya: a unguwanninmu na nan mu ne masu yawa, kuma wanda aka taɓa zalunta ba ya zama adali haka kawai. Sau da yawa yakan nemi wanda ya fi ƙarfi ya huce a kansa. Yaro bai ƙirƙiro kalmar "ɗan Boko Haram" da kansa ba. A bakin babba ya ji, wataƙila a teburin cin abinci, wataƙila a hanyar dawowa daga majami'a. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Su wa ake ci wa zali a cikinmu? Yaron da ya zo daga ƙauye ba takalmi. Yarinyar da aka ɗauko aikin gida, wadda take zama a bayan aji da goyon ɗan uwar ɗakinta. Mai ciwon sikila da ba ya iya gudu. Zabiya. Mai i'ina. Wanda aka ji yana fitsarin kwance. Maraya. Ɗan ƙabilar da ba ta da yawa a ikkilisiyar, domin muna da Bajju, Atyap, Ham, Gbagyi, Adara, Hausawa, Tibi, Ibo da sauransu, kuma a kowace majami'a akwai masu yawa da 'yan kaɗan. Kada mu manta da ɗan maƙwabcinmu Musulmi da yake shi kaɗai a ajin makarantar unguwa, da almajirin da yaranmu suke bi da jifa. Allah ɗaya ne ya halicce su cikin kamanninsa.

ME YA SA LABARI?

Da muka ji maganar uwar nan, abin da ya fara zuwa zuciyarmu shi ne mu shiga aji da tsawa, mu fito da yaran biyu a hukunta su. Wata tsohuwar malama ta ce, "Baba, in ka yi haka, ranar Litinin a hanyar makaranta zai biya kuɗin bulalar." Gaskiya ta faɗa. Sai muka koma ga Maganar Allah, muka tarar Ubangiji ya riga ya nuna hanya.

A 2 Sama'ila sura 11 Sarki Dawuda ya yi fin ƙarfi mafi muni. Ya ɗauke matar Uriya, ya shirya aka kashe mijin a bakin dāga. Wa zai tsaya gaban sarki ya gaya masa? Allah ya aiki Annabi Natan, Natan kuwa bai fara da zargi ba. Labari ya bayar, na attajiri mai garkuna da matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, wadda ya rena kamar 'yarsa. Da attajirin ya yi baƙo, sai ya bar nasa garken ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci mai tsanani a kan attajirin. Sai da hukuncin ya fita daga bakinsa sa'an nan Natan ya nuna masa cewa kansa ya shar'anta.

Ku lura da abin da ya faru. In ka zargi mutum kai tsaye, ko babba ko yaro, nan take yakan rufe zuciyarsa ya shiga kāre kansa. Amma labari yakan shiga kafin a rufe ƙofa. Mai ji yakan tausaya, ya ji zafi, ya yanke hukunci na gaskiya, domin bai san shari'arsa ake yi ba. Ubangijinmu Yesu ma haka ya koyar. Da masanin Attaura ya tambaye shi wane ne maƙwabci, a Luka sura 10, labarin Basamariye ya ba shi, ya bar shi ya ba da amsar da bakinsa.

Kakanninmu sun san wannan. Tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, da labaran marainiya a hannun kishiyar uwa, duk makarantar tausayi ce ta dare. Marigayi Abubakar Imam ma, a Magana Jari Ce da aka fara bugawa a Zariya a 1937, ya ɗora littafin ne a kan aku wanda yake riƙe ɗan sarki da labarai domin ya kiyaye shi daga hallaka. Yau hira ta dare ta ragu, talabijin da waya sun cinye wurinta. Littafin labari mai hotuna shi ne zai iya maye gurbin kaka. Yana da wata fa'ida kuma: yaron da bai iya karatu ba yana iya karanta fuska. Ka nuna masa hoto ka ce, "Dubi idon yarinyar nan, yaya take ji?" Zai gaya maka. Wannan ne tushen tausayi.

YARO NA UKU

A kowane cin zali mukan ga mutum biyu, mai yi da wanda ake yi wa. Amma akwai na uku, shi ne mai kallo, kuma shi ya fi yawa. Masu bincike a ƙasar Kanada, Hawkins da Pepler da Craig, sun ɗauki hotunan yara a filin wasa na firamare, suka buga sakamako a 2001. Sun tarar da wasu yara suna wurin a kashi 88 cikin 100 na lokutan da aka ci zali, amma a kashi 19 kawai wani ya sa baki. In kuwa wani ya sa baki, a kashi 57 cikin 100 abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Ma'ana, mai cin zali 'yan kallo yake yi wa wasa. In dariya ta ɗauke, ƙarfinsa ya ragu.

Littafi Mai Tsarki ya riga masu bincike sanin wannan. A Farawa 37 Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka ƙi shi, suka yi masa suna na ba'a saboda mafarkansa, suka tuɓe masa riga, suka jefa shi rami, sa'an nan suka zauna cin abinci. Ra'ubainu, babbansu, bai so abin ba. Ya yi niyyar komowa a ɓoye ya cece shi, amma bai tsaya fili ya ce a'a ba. Da ya komo ramin ya tarar ba kowa, an sayar da ƙanensa a bakin azurfa 20. A misalin Basamariye kuma, 'yan fashin sun wuce cikin aya ɗaya. Sauran labarin a kan masu wucewa ne: firist, Balawe, da baƙon da ya tsaya.

Saboda haka manufarmu ba yara biyun nan kaɗai ba ne. Manufarmu yara 40 ɗin da suka gani suka yi shiru. Yawancinsu ba mugaye ba ne, tsoro suke ji, ba su kuma san abin da za su faɗa ba. Labari yana ba su wurin gwaji tun ranar ba ta zo ba.

WAƊANNE LITTATTAFAI?

1. Littattafan labaran Littafi Mai Tsarki na yara masu hotuna. Ana samunsu a shagunan littattafan Kirista. Ban da Yusufu da Basamariye, akwai Hannatu wadda kishiyarta Feninna take tsokana kowace shekara, a 1 Sama'ila 1. Akwai Dawuda da wansa Eliyab ya wulakanta a gaban sojoji, a 1 Sama'ila 17. Akwai Mefiboshet ɗan Yonatan, wanda mai renonsa ta ɗauke shi da gudu ranar tashin hankali yana ɗan shekara 5, ya faɗi ya gurgunce, daga baya Dawuda ya nemo shi ya zaunar da shi a teburin sarki. Mu mutanen Kaduna ba sai an fassara mana wannan labari ba.

2. Tatsuniyoyinmu. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa a jerin littattafansa Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Amma a yi zaɓe. Wasu labaran gargajiya suna sa a yi wa makaho ko kuturu dariya, wasu suna mai da Bagwari ko Bamaguje abin ba'a. In mun haɗu da irinsu, ko mu tsallake, ko mu tambayi yaran, "In kai ne shi, za ka yi dariya?" Haka ma Gizo, kada yaro ya tashi da darasin cewa mai wayo shi ne gwani.

3. Littattafan wasu ƙasashe. Akwai wani ƙarami da Eleanor Estes ta rubuta a Amurka a 1944, sunansa The Hundred Dresses, wato riguna ɗari. Labarin wata yarinya ce 'yar baƙi daga ƙasar Poland, matalauciya, wadda 'yan ajinsu suke yi wa ba'a saboda sunanta da rigarta guda ɗaya, har iyalin suka bar garin. An ba da labarin ne ta idon wata da ta tsaya tana kallo, ta yi nadama bayan lokaci ya ƙure. Malami mai jin Turanci zai iya karantawa ya ba da shi da Hausa.

4. Na kyauta a intanet. Shirin African Storybook yana da littattafan yara masu hotuna a harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. Ana iya saukewa a waya, ko a buga a takarda. Matasanmu da suka iya waya su ɗauki wannan a matsayin hidimarsu.

5. Namu na kanmu. Kwali, fensir mai launi, zare da allura sun isa. A kowace ikkilisiya akwai matashin da ya iya zane, akwai kakar da ta iya labari. Ga manyan yara kuma garin nan yana da labarinsa na gaskiya: Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda a dā suke gāba da juna, har Fasto Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, amma daga 1995 suka haɗa kai suna aikin sulhu.

YADDA ZA A KARANTA

Ba da littafi a hannun yaro bai isa ba. Babba ne zai zauna ya karanta da su. Ga misali na ɗan labarin da muka shirya da malamanmu, mai shafi 6.

Akwai famfo a wata unguwa, yara suna jera bokitai tun asuba. Wata ƙaramar yarinya, baƙuwa, tana zuwa da jan bokiti. Kullum in layi ya kusa zuwa kanta, sai wani babban yaro mai baƙar jarka ya shure bokitin ya koma baya, yara su fashe da dariya. Takan isa gida a makare, a yi mata faɗa. A bayanta a layi akwai wani yaro mai shuɗin bokiti. Shi ba ya dariya, amma ba ya magana. Wata safiya an sake shure jan bokitin, ya gangaro ya tsaya daidai ƙafarsa.

A nan malama za ta rufe littafin. Ba za ta faɗi ƙarshe ba tukuna. Sai ta bi waɗannan matakai:

Na ɗaya, tambayar zuciya. Yaya mai jan bokiti take ji? A ina take jin abin a jikinta? Ƙananan yara suna bukatar a koya musu sunayen abin da suke ji: kunya, tsoro, baƙin ciki, kaɗaici.

Na biyu, tambayar hukunci. Abin da mai baƙar jarka ya yi daidai ne? Masu dariya fa, suna da laifi? A bar yaran su yi gardama. Wannan ne lokacin da Dawuda yake yanke hukunci.

Na uku, tambayar aiki. Me mai shuɗin bokiti zai yi? Yara za su kawo amsoshi, sai a tattara su zuwa uku masu sauƙin riƙewa: kada ka yi dariya; ka tsaya kusa da wanda ake zalunta; ka gaya wa babba.

Na huɗu, a yi wasan kwaikwayo. Yara su tashi su gwada faɗin kalmomin da bakinsu, kamar "Bari, ba kyau," ko "Zo ki tsaya a gabana." Abin da baki bai taɓa furtawa ba, ba zai fito ranar tsoro ba. A kula, kada a ba yaron da aka san ana zalunta matsayin wanda ake zalunta a wasan, kada kuma a ba mai laifi matsayin mugu.

Na biyar, a rufe da addu'a gajeriya, a kuma ce, "Duk wanda yake da magana, malama tana nan bayan an tashi." Minti 15 ya isa. A maimaita labari ɗaya sau da yawa, yara ba sa gajiya da maimaici.

GARGAƊI GA MANYA

Na farko, kada mu mai da labari bulala. In malami ya gama karatu ya nuna wani yaro da yatsa a gaban aji, ya zama shi ma mai cin zali. Natan da sarki ya yi magana, babban mutum. Yaro ɗan shekara 6 a keɓe ake yi masa magana, da iyayensa. Sau da yawa za a tarar shi ma ana dukansa a gida.

Na biyu, kada mu karkatar da koyarwar haƙuri. Mun iya gaya wa yaro ya juya ɗaya kumatun, mu tafi mu bar shi. Ubangiji ya hana ramuwa, amma bai umarci shiru a kan mugunta ba. Shi kansa da aka mare shi a gaban babban firist, a Yahaya 18, ya tambayi dalilin marin. Manzo Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma sa'ad da za a yi masa bulala, a Ayyukan Manzanni 22. Mu koya wa yara bambancin gulma da kai ƙara: mai gulma yana so a jefa wani cikin wahala, mai kai ƙara yana so a fitar da wani daga wahala.

Na uku, in yaro ya kawo ƙara, mu saurara. "Je ka rama" da "Kai ba namiji ba ne?" ba amsar mai bi ba ce. In mun kore shi sau ɗaya ba zai sake dawowa ba. Mu lura da alamu: ciwon ciki na ranar makaranta, yagaggen littafi, ɓatan kuɗin tara, yaro mai surutu ya koma shiru. In abin ya kai ga rauni ko lalata, ya wuce sulhun ofishin fasto. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta ƙasa ta 2003, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kāre yara a 2018. Ɓoye irin wannan don kāre sunan ikkilisiya zunubi ne.

Na huɗu, mu binciki bakinmu. Uban da yake kiran ɗansa jaki, uwar da take ba 'yar aiki abinci a bayan ƙofa, dattijon da yake raina wata ƙabila a gaban jikokinsa, suna rubuta wani littafi da yara suke karantawa kullum, wanda ya fi namu na kwali ƙarfi. Gargaɗin Ubangiji a Matiyu 18 game da dutsen niƙa, ga manya ya yi shi.

SHAWARWARI

1. Kowace ikkilisiya ta ajiye akwati ɗaya na littattafan yara, ko da guda 10 ne, a sa shi cikin kasafin kuɗin shekara.
2. Lahadi ɗaya a kowane wata, Makarantar Lahadi ta ware minti 15 domin irin wannan karatu.
3. Majalisar dattawa ta naɗa mace ɗaya da namiji ɗaya, waɗanda yara suka sani kuma ba sa tsoro, su zama masu karɓar kukan yara.
4. Zumuntar Mata ta tattara labarai daga kowane yare da ke cikin ikkilisiya, matasa su rubuta su zana.
5. UNESCO ta keɓe Alhamis ta farko a watan Nuwamba a matsayin ranar yaƙi da cin zali a makarantu. Mu yi amfani da Lahadin da ke biye mu yi wa'azi a kai.
6. Kowane gida, ko sau ɗaya a mako, a ajiye waya bayan addu'ar dare a karanta labari ɗaya.

KAMMALAWA

Za ku so ku ji yadda aka ƙare da yaron nan. Malamarsa ta karanta wa ajin labarin Yusufu makonni 3 a jere, ba ta ambaci sunan kowa ba. A mako na uku ta tambaya, "Da kai ne Ra'ubainu, me za ka yi?" Wata yarinya mai shekara 8 ta ce, "Da ban tafi ba, da na zauna a bakin ramin." Lahadin da ta biyo baya, da aka lallaso yaron ya zo, ita ce ta ɗauki littafinta ta je ta zauna kusa da shi. Ba wanda ya aike ta.

Ba mu ce komai ya gyaru a rana ɗaya ba. Ɗaya cikin yaran biyu ya daina. Ɗayan ya ci gaba na wani lokaci, mahaifinsa kuma, wanda yake cikin shugabanni, ya yi fushi da mu da muka je gidansa, ya ce wasan yara ne kawai. Sai da muka koma sau biyu. Yaron yana zuwa sujada yanzu, ciwon cikin ya tafi, amma har yanzu kusa da ƙofa yake son zama. Wannan yana tuna mana cewa da mun fara da wuri, da ba a kai nan ba.

'Yan'uwa, sa'ad da almajirai suke gardamar wane ne babba, Yesu ya kira ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyarsu. Mu tambayi kanmu, wane yaro ne yake zaune a bakin ƙofa a ikkilisiyarmu, wa kuma zai komo da shi tsakiya? Ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu hikimar Natan, ya ba 'ya'yanmu zuciyar Basamariye, ya kawo salama a garin Kaduna, wannan gefen kogi da wancan. Ubangiji ya albarkace ku duka, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.